Ƙwallo Bakwai da Baffa Ya Zubar

Mahaifina mai sassaƙa 'ya'yan tasbaha ne a Gure. Da ƙodagon goruba yake yi, wanda muke tsintowa a kwarin da lambunmu yake, can ƙarƙashin tudun yashi. Shi ke fasawa, ya goge, ya huda da ɗan tsinken ƙarfe, ni kuma in zura a zare. Tun ina 'yar mitsitsiya nake wannan aiki, har aka kai ni ɗakin miji ban daina ba, don daga gidan mijina zuwa namu ko ruwan alwala ba ya bushewa. Talatin da uku sai shaida mai raba tsakani, talatin da uku sai shaida, talatin da uku sai dogon nan na kai da ake ce wa limami. Ko ido rufe aka miƙo mini tasbaha, in an rage ɗa guda hannuna zai gaya mini.

Baba ba malami ba ne. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Amma a wajen ƙidaya ban ga na biyunsa ba, har yau da na ga jikoki masu riƙe alƙalami. Shi lambobi mutane ya ɗauke su. Akwai cika, masu rabuwa biyu daidai, akwai mara, masu barin ɗaya a tsaye. Cikin mara ɗin kuma akwai waɗanda yake kira gwauraye, irin su bakwai, da sha ɗaya, da sha uku, da ɗari da ɗaya, waɗanda ba wanda zai raba su daidai sai dai a ba kowa ɗai-ɗai. In ya ga wani maƙwabcinmu da ya ƙi aure yana wucewa, sai ya ce mini a hankali, "Ga sha uku can za shi kasuwa." Inna ta yi ta faɗa tana cewa wata rana sai mutumin ya gane.

Lambar da ya fi so ita ce dubu saba'in, ko zambar saba'in yadda tsofaffi ke faɗa. Dalili kuwa, a wajenmu in mutum ya rasu, ranar sadakar uku akan taru a yi masa hailala dubu saba'in, a ce fida'u, ana roƙon Allah ya sa ta zame masa fansa daga wuta. Da tasbahohin Baba ake jan rabin fida'un garin nan, saboda haka yake ganin lambar kamar 'yar gidanmu ce.

Sau da yawa ya baje mini ita a kan yashi muna hutun aiki. Ya ce a raba ta biyu, dubu talatin da biyar. A sake, dubu sha bakwai da ɗari biyar. A sake, dubu takwas da ɗari bakwai da hamsin. A sake, dubu huɗu da ɗari uku da saba'in da biyar, nan ta zama mara, ta ƙi. Sai a koma rabawa biyar, ita ma sau huɗu take yarda, har a sauko kan bakwai tsurarta. "Kin gani," in ji shi, "duk girman gidan nan, gwauro ne a ƙuryar ɗaki." Ya ce lambobi hamsin ne ke raba ta daidai, in an haɗa da ɗaya da ita kanta, kuma yakan jero su da ka yana goge ƙodago. Shekaru da yawa bayan haka na sa wani jikana ɗan lakwal, wato makarantar boko, ya gwada a takarda. Yini ya yi yana gumi, ya zo ya ce hamsin ne. Na ce to, da ka tambaye ni da ka huta.

Amma tana da waɗanda ba ta shiri da su. Uku da duk zuriyarsa, da sha ɗaya, ba su haɗa kaka da ita ba. Baba yakan ce in mutum tara suka raba ta, kowa zai ɗauki dubu bakwai da ɗari bakwai da saba'in da bakwai, sannan a bar bakwai a ƙofa ba mai ɗauka. Wannan yana ba shi dariya ƙwarai, ban san me ya sa ba.

Shekarar da ya rasu, 'ya'yana sun lissafa sun ce cikin alif ɗari tara da talatin da 'yan kai ne. Ni abin da na sani, lokacin ne kumandan, Baturen mulki, ke aiko wa bulama, mai garinmu, a ba shi mutane aikin hanyar mota, kuma an tafi da yayana, ɗa namiji tilo a ɗakinmu, can gabas inda saƙo ba ya isa da wuri. Baba ya fara ciwo bayan girbin dabino. Hannunsa na rawa, amma bai daina tara ƙwallayen dabino a wata tsohuwar gora ba, yana wankewa yana shanyawa. Da ƙwallo ake riƙe lissafin fida'u, in mutum ya zagaye tasbaha sau ɗaya sai ya jefa ƙwallo ɗaya a ƙwarya. Mun gane na kansa yake tanada, muka ƙi yin maganar.

Wata rana na shigo na tarar da shi yana huda 'ya'yan tasbaha da wannan hannu mai rawa, har ya soke ɗan yatsansa. Na yi masa faɗa irin wanda bai kamata ɗiya ta yi wa uba ba. Ya zura abin da ya huda a zare da kansa, guda bakwai ne kacal, ya ƙulle, ya kira Inna ya sa mata a tafin hannu, ya ce mata wata magana da ban ji ba. Na ce a raina tasbaha ya fara ƙarfi ya ƙare. Bayan kwana biyu bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke, bai ƙara cewa komai ba har Allah ya karɓi abinsa.

Da yayana ba ya nan, sai ragamar gida ta koma hannun Baffa, ƙanen Baba, mai fataucin kanwa tsakanin Gure da Kelle. Mutumin kirki ne, kada in ɗauki alhakinsa, sai dai yana cikin mutanen da in suka faɗi abu da ƙarfi suke ganin ya zama gaskiya. Da safiyar sadakar uku ya sa aka fito da gorar, ya zazzage a tabarma a tsakar gida, ya kasa hamsin-hamsin. Mutum goma sha huɗu za su ja, kowa ƙwallo hamsin, ɗari bakwai ke nan, kowace ƙwallo ɗari, dubu saba'in cif. Kashi goma sha huɗu suka cika, sai ga ƙwallo bakwai sun yi saura.

Ya sake ƙidayawa, haka dai. Sai ya girgiza kai, ya ce wa mazan da ke tsaye, "Allahu akbar. Ku dubi tsufa. Mutumin da ba ya ɓatan ƙwaya ɗaya, ga shi ya zarce da bakwai. Dama tun kaka na lura kan yaya ya fara tahiya." Wani ya ce haka duniya take. Wani ya ce ai har wata guntuwar tasbaha an ce ya yi. Baffa ya share ƙwallayen da gefen hannu, suka watse a gindin zana.

Ina bayan zanan nan ina jin su. Abin ya yi mini zafi fiye da ranar da aka fita da shi, domin ni ma na yarda. Na ce a raina ashe har ƙidayar ma ciwo ya cinye. Da suka fita ƙofar gida, na sunkuya na tsince su ɗaya bayan ɗaya, na ƙulle a bakin zanena, don kawai hannunsa ya taɓa su.

Da hantsi aka fara. Maza sun zauna a inuwar rumfar ƙofar gida, malamin unguwarmu a tsakiya, tsoho ne gwanin Alƙur'ani mai ƙaramar murya. Mijina ma yana cikinsu. Mu mata muna ciki muna dakan gumbar sadaka. Inna tana ɗaki cikin takaba, kwana uku ke nan ba ta ce wa kowa uffan ba, ko gaisuwar ta'aziyya da kai take amsawa. Ni aka ba aikin cura gumbar, na ja ƙwaryata na zauna jikin zana inda karan ya buɗe, ina jin hailala tana tashi tana sauka, ina jin ƙwallo na faɗawa ƙwarya, ƙwas, jim kaɗan kuma ƙwas.

Ta wannan kafa hannun Baffa kawai nake gani. Tasbahar da ke hannunsa ni na zura ta, na gane ta da jan zarenta. Ba da niyya ba na fara bin yatsunsa da ido, don idona ya saba. Ya wuce shaida ta farko, ya wuce ta biyu, ya iso gindin limami, ya juya tasbahar, ya jefa ƙwallo. Ya sake zagayowa, ya iso limami, ya juya, ya jefa. Bakinsa bai faɗi komai a kan limamin ba.

Hannuna ya tsaya cikin gumba. Kowa a garin nan in zai ambaci tasbaha ɗari yake cewa, domin bayan salla in an gama casa'in da tara akan cika ta ɗari da baki. Amma a jan fida'u hannu sauri yake yi, ba mai tsayawa cikawa. 'Ya'yan da ke zaren casa'in da tara ne, ni na zura su, ba wanda zai gaya mini. Ashe kowace ƙwallo da ta faɗa ƙwarya ta tafi da giɓin ɗaya. Ƙwallo ɗari bakwai, giɓin ɗari bakwai. To zagaye nawa zai cike ɗari bakwai? Na ƙidaya da yatsuna masu danƙon gumba, ban kai ƙarshe ba na ji tsigar jikina ta tashi, na kai hannu na taɓa ƙullin bakin zanena.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Murna ce da haushi a haɗe. Kansa bai tafi ko'ina ba. Yana kwance yana mutuwa ya ga abin da garin nan kaf bai gani ba, shekara da shekaru ana binne mutane da fida'u mai giɓi.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba, don na ga abin da ke gabana. Azahar ta kusa, ƙwaryar ta kusa cika. Da an jefa ta ƙarshe malam zai shafa fatiha, a raba gumba, kowa ya kama gabansa, Baffa ma raƙumansa na ɗaure suna jiran hanyar Kelle. In na yi shiru, mahaifina zai kwanta da fansar da ba ta cika ba, kuma abin da za a riƙa tunawa da shi shi ne tsohon da ya rikice a ƙidaya. In na yi magana, mace ce ta ɗaga murya a kan maza goma sha huɗu da gwani a tsakiyarsu, ranar sadakar ubanta. Na gaya wa wata gwaggona da ke kusa, ta riƙe mini hannu ta ce in rufa wa kaina asiri, Allah ya san niyya. Na ce na san ya sani, amma Baba ƙwallo ya tara.

Na ji ƙwas na ƙarshe, na ji malam ya yi gyaran murya. Ban wanke hannu ba na miƙe, na tsaya jikin zana, na yi sallama da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba.

"Allah gafarta Malam, a yi mini aikin gafara. Ba ta cika ba."

Baffa ne ya fara magana. "Wace ce wannan? Ke, koma ciki. Baƙin ciki ne, Malam, a yi mata haƙuri."

"Baffa, ba baƙin ciki ba ne. Tasbahar hannunka 'ya'ya nawa gare ta?"

"Ɗari mana. Yau aka fara tasbaha?"

"A ƙidaya."

Ta kafar zana na hango mijina ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi. Na san zan sha magana a gida, na ce in an je can a yi ta. Malam bai ce in tafi ba, bai kuma ce in zauna ba. Ya miƙa hannu ya karɓi tasbahar Baffa, ya fara ƙidaya a fili, a hankali, da wannan ƙaramar murya tasa. Ban taɓa jin ƙidaya mai tsawo irin wannan ba. Ya kai casa'in da tara, ɗan yatsansa ya tsaya a gindin limami.

Baffa ya ce, "To ai wannan kowa ya sani. Ta ɗarin a kan limami ake cikawa."

Malam ya ce, "Haka ne. Wa ya cika?"

Can wani dattijo da ya zo daga Bune ya ce shi dai yana jin wani lokaci yakan cika. Malam ya ce ba a gina fansar mamaci a kan wani lokaci. Sannan ya ce, da bakinsa, a gaban kowa, "Ni ma ban cika ba. Shekara arba'in ina jan fida'u ban cika ba." Wannan magana ta sa na ƙara ganin girmansa har ya bar duniya.

Ya juyo wajen zana ya ce, "Ɗiyata, nawa ne giɓin?"

Na ce, "Ɗari bakwai, Allah gafarta Malam. Kowace ƙwallo ɗaya."

"Zagaye nawa ke nan?"

Maimakon in amsa, na kwance bakin zanena, na zura hannu ta kafar, na zube su a gefen tabarmarsa, suna maƙale da gumba. Na ce, "Ga su nan. Waɗanda aka zubar da safe ne. Mai su ya riga ya ƙidaya."

Malam ya jera su da ɗan yatsa, ɗaya, biyu, har bakwai. Ya daɗe yana kallonsu. Wani a cikin mazan ya ce la'ilaha illallahu, ba ta lissafi ba, ta mamaki. Daga baya, da yayana ya dawo daga aikin hanya, ya ce tun kafin a tafi da shi Baba ya gaya masa ɗari bakwai da bakwai za a ja, shi aka bar wa saƙon, ba wanda ya zaci ba zai kasance a gida ba. Amma a ranar ba mu san wannan ba, ƙwallayen kawai muke da su.

Abin da Baffa ya yi ban manta ba. Shi ya fara miƙa hannu ya ɗauki ƙwallo ɗaya, ya ce, "Yaya, ka yafe mini," kamar Baba na zaune a wurin. Mijina ya ɗauki ta biyu, har yanzu bai ɗago kai ba, amma ya ɗauka. Mutum bakwai suka ja zagaye ɗai-ɗai, ƙwallo bakwai suka faɗa ƙwarya. Malam ya ɗaga hannu zai yi fatiha.

Na ce, "Allah gafarta Malam."

Wannan karon har wani ya yi dariya. Baffa ya ce, "Yau mun shiga uku da ɗiyar nan. Me kuma ya rage?"

Na ce, "Su ma bakwai ɗin nan kowace ta tahi da giɓin ɗaya. Zagaye bakwai ɗari bakwai ne ba bakwai. Saura kalma bakwai."

Ina faɗa ina jin muryar Baba yana dariyar bakwai ɗin da ake bari a ƙofa. Casa'in da tara ai tara ce sau sha ɗaya, gidaje biyun da dubu saba'in ba ta shiri da su, ga shi nan ma bakwai ta bari. Malam ya yi lissafi da yatsu, leɓɓansa na motsi, ya ce gaskiya ne. Ya ce, "To waɗannan ba mu za mu faɗa ba. Ke kika gano su, ke za ki cika."

Na so in faɗa. Wallahi na so, don a wannan lokaci kaina ya kai rufin rumfa, ina jin ni ce ɗiyar mahaifina a gaban duk Gure. Na buɗe baki, sai na ji motsi a bayana. Matan tsakar gida sun daina daka, duk sun juya suna kallon ƙofar ɗakin Inna.

Ta ɗaga asabari, tana zaune a bakin ƙofa cikin mayafin takaba. Ta buɗe tafin hannunta. Guntun zaren nan ne mai 'ya'ya bakwai, ɗaya daga ciki da ɗigon jinin yatsansa da ya bushe. Tun ranar da ya ba ta yake dunƙule a hannunta.

Ta ce, muryarta a dushe, "Ce mini ya yi, na ƙarshe ke za ki hwaɗa mini. Ban san na ƙarshen me ba. Na ji kunyar tambaya."

Na juya na gaya wa malam ta zana. Ya ce maza su yi shiru, suka yi. Na koma na durƙusa a gabanta. Ta kama ɗan farko da yatsu biyu ta ce la'ilaha illallah, a hankali, amma har rumfa an ji. Ta ja na biyu. A na biyar muryar ta karye, ta tsaya, ba wanda ya yi gaggawar taya ta. Ta haɗiye, ta ci gaba.

Ni kuwa ina durƙushe ina bin yatsunta da ido, hawaye na zuba cikin gumbar da ke hannuna, ina ƙidayawa, don aikin da ya koya mini ke nan. Da ta saki na bakwai na ɗaga murya na ce, "Allah gafarta Malam, ta cika."